Sandar Mailafiya

Da na dawo Matameye daga karatu a Dakar, cikin 1957, ban yarda da labarin Mailafiya ba. Na daɗe a bakin teku, ban taɓa ganin jirgin da ke hawa gaɓa ya buɗe baki kamar yadda aka ce yana faɗa ba. Na ɗauka ƙarin gishiri ne irin na tsofaffin sojoji.

Mailafiya manomin gyaɗa ne. Da damina, in kwarin hanyar Dungu ya kawo ruwa, shi ke fara shiga da doguwar sanda yana tokarar ƙasa, sannan ya ce a ƙetare. Ba wanda ya sa shi.

"Sarkin Ruwa, iya idon sawu ne fa," in ji Kande mai ƙuli-ƙuli, ran da na tarar da su.

"Jira dai, Kande. Ke da jakinki ba wanda ya iya iyo."

A bakin kwarin ya ba ni labarin. Faransa ta ɗauke su soja, shi da Iliyasu ɗan wan babansa, aka kai su yaƙin Indoshin. Jirgin da ke jigilarsu gindinsa a shimfiɗe yake, ƙofarsa tana goshi, saukowa take ta zama gada. Wata rana aka sauke ta jirgin bai kai rairayi ba. Iliyasu ne a gaba, da kaya niƙi-niƙi a baya, mutumin da ruwa bai taɓa wuce masa gwiwa ba. Ya taka. Ko gawarsa ba a samu ba.

Da aka sallami Mailafiya, a tashar da aka sauke su sai ya ga jirgin. An cire bindigogin, wani attajiri ya saya yana dakon shanu da raguna zuwa garuruwan gaɓa. Da wata lotsawa a gefen ƙofar ya gane shi. Maimakon ya kama hanyar gida, sai ya nemi aiki a ciki. Shekara guda ya yi, gonarsa ta zama saura, matarsa Rakiya tana jira. Duk inda aka sauke ƙofar, shi ke fara shiga ruwa da sanda kafin dabba ta taka.

Daga nan na daina gardamar siffar jirgin. Abin da na kasa ganewa na tambaya.

"Baba, jirgin da ya ci ɗan'uwanka, me ya zaunar da kai a cikinsa?"

Ya share laka daga kan sandar.

"Kowa yana da kabarin da zai je ya yi wa nasa addu'a, ɗana. Iliyasu ba shi da shi. Ƙofar nan ce ƙarshen abin da ya taka."