Uku da Ɗan Ƙari

Maƙwabciyata tela ce, shekara arba'in tana taka keken ɗinki, ko ƙofar aji ba ta taɓa leƙawa ba. Rannan jikarta ta dawo da kuka, wai lissafin da'ira ya gagare ta, ga jarrabawa washegari.

Tela ta ce, "Ke, share majinar nan, ɗauko zare."

Suka zagaya bakin faranti da zaren, sannan murfin tukunya. Kowanne zagayensa ya ninka faɗinsa sau uku da ɗan ƙari.

"Kaka, ai shi malaminmu ke kira pai! Wa ya koya miki?"

"Wani zagayayyen mayafin tebur. Na yanka masa leshi ninki uku cif, bakin ya ƙi haɗuwa."

Yarinya ta ci jarrabawa. Yanzu tela ba ta amsa gaisuwata sai na ce mata Farfesa.