Fatihar da Ta Rufe Bakin Masu Hannun Jari

Mun tashi daga Damagaram bayan sallar asuba, ni da wasu dattawa, za mu Gure taron shekara na kamfanin sufurin da muke da hannun jari a ciki. Motar kamfanin muka shiga, cike da mata 'yan kasuwa da yaransu.

Tun daga Mirya na lura direba sai ya taka birki sau da yawa kafin motar ta ji. A Gidimuni muka tsaya na sayi rake da dabino masu araha, amma ban iya ci ba. Na ja direban gefe.

"Baba, na gaji da faɗa," in ji shi. "Mai kula da gareji surukin shugaban kamfani ne. Wa zan kai wa ƙara?"

A wani gangare kafin Gure raƙuma suka tare kwalta. Direba ya taka, motar ta ƙi. Mata suka ɗauki salati, wata ta cusa jaririnta ƙarƙashin mayafi. Rairayin gefen hanya ne ya tsayar da mu. Na sha hawa motocin Sahara har Sabha ta Libiya, ban taɓa ganin mutuwa kusa haka ba.

A Gure aka tarbe mu da gasasshen rago. Shugaba ya karanta rahotonsa da Faransanci, wanda yawancinmu ba sa ji. A Abijan da Kano na ga masu jari suna titsiye shugabanni da tambayoyi. A nan kuwa, yana rufe baki sai liman ya ɗaga hannu, kuma abin da aka shafa wa Fatiha ba a sake tada shi.

Na miƙe. "Malam, a dakata. Motar da ta kawo mu ba ta da birki."

Shugaba ya yi murmushi. "Alhaji, tsufa ne. Ba ga ka ka iso lafiya ba?"

Aka yi dariya, aka shafa. Abokan tafiyata suka sunkuyar da kai.

Bayan taro na bi mutane a tasha ina roƙonsu kada su shiga motar. Tsohuwa ɗaya ce ta sauke kayanta. Sauran suka ce ba wata mota, ga yamma ta yi. Ina tsaye motar ta tashi zuwa Kelle.

Na dawo gida a bayan motar awaki. Abin da na koyo: inda kunya ta hana tambaya, wanda bai halarci taro ba ne ke ɗaukar hatsarin. Motar tana kan hanya har yau, kuma duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.