Baleri da Bizar Maman Injiniya

Wata Asabar ce da hantsi, a farkon daminar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, ina tsugune a tsakar gidanmu da ke Mayo Gwoi ina dama wa Baleri dusa da kanwa, sai Injiniya ya yi sallama ya shigo bakinsa har kunne. Injiniya Ba'indiye ne, yana gyaran injuna a wani kamfanin casar shinkafa da ke hanyar Lau, kuma shi ke haya a sashen gidanmu mai ƙofa ta waje. Ya durƙusa gaban Baba kamar yadda ya koya a wurinmu, ya ce da Hausarsa ta 'yan koyo, "Baba, Mama na yana so ya zo. Zan nema masa biza na yawon buɗe ido, ya ga Jalingo, ya ga ku." Baba ya yi ta sa masa albarka. Da ya fita, sai Baba ya juyo ya daɗe yana kallon Baleri tun daga ƙaho har wutsiya, irin kallon da nake gani a idon mahauta ranar kasuwa, sannan ya ce wa Inna, "Ranar da tsohuwar nan ta sauka, wannan ne zai tarbe ta. Kada wanda ya faɗa wa ɗanta." Ban san lokacin da ƙwaryar ta suɓuce daga hannuna ba.

Baleri baƙin maraƙi ne da uwarsa ta mutu a rugar kawuna, aka kawo shi gari ba wanda ya zaci zai kai labari. Ni na raine shi da madara a kwalba, ni nake yanko masa ciyawa a bakin rafi bayan an tashi makaranta, ni nake cire masa kaska ina zaginsa yana lasar gwiwar hannuna. Ƙawayena suna gaɗa a dandali, ni ina can da lauje da buhu, har suka sa mini suna Uwar Sa, sunan da nake yin dambe a kansa a fili, ina jin daɗinsa a ɓoye. A lokacin da wannan magana ta taso ya zama ɗan bijimi mai sheƙi, tozonsa ya fara tasowa. Ba mugunta ce ta sa Baba ya zaɓe shi ba. Ranar da naƙudar ƙanena ta zo wa Inna da gardama, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, babu ɗan acaɓa ko ɗaya a hanya, Injiniya ne ya kai ta asibiti a motar kamfani, kuma jininsa aka ƙara mata. Tun daga ranar Baba ke neman hanyar da zai rama, ga shi ba shi da abin da ya fi Baleri daraja.

Mu kuwa a ganinmu babu abin da ba mu sani ba game da Indiyawa, tunda mun ƙoshi da finafinansu a gidan maƙwabta. Mun san suna rawa a kan duwatsu, mun san suna kuka da waƙa. Duk babbar sallah ni ake aike da cinyar rago sashen Injiniya, ya sa hannu biyu ya karɓa, ya girgiza kai irin nasu ya ce, "Na gode sosai, ka gaishe Baba." Wa zai kawo wani abu a ransa?

Daga nan na zama gwanar biza ƙarfi da yaji. Kullum bayan la'asar Injiniya zai zauna a benci yana ba Baba labarin inda aka kwana, ni kuma in baje duwatsun carafkena kusa da ƙafarsu, kunnena yana wurinsu. A haka na san cewa sai ya rubuta takardar gayyata, sai an nuna tikitin zuwa da na komawa, sai an yi wa tsohuwar allurar shawara an ba ta kati. Ranar da ya shigo fuska a murtuke ya ce fasfon mamarsa ya kusa ƙarewa, dole a sabunta shi kafin a karɓi takardunta, na ruga turke na rungume wuyan Baleri ina dariya kamar zararriya. Da aka dawo da hotonta wai bayansa ba fari ba ne, sai na ƙara masa dusa. Ni dai a duk faɗin Taraba ba na jin akwai wanda ya kai ni son ma'aikatan biza su tsaurara.

Shi kuwa Injiniya bai bar komai ba a shirin tafiyar nan. Ya san garin da za ta sauya jirgi, ya roƙi a tura ta a keken marasa lafiya saboda ciwon gwiwa, ya tanadi inda za ta kwana a Abuja kafin ta taso Yola. Ya sayi gidan sauro da sabuwar katifa da tukunyar tace ruwa, ya sa kafinta ya yi mata ɗan matakala a ƙofar ɗaki. Har ranar da zai kai ta ta ga Binuwai a Lau ya tsara. Baba yana sauraro yana gyaɗa kai, yana ɓoye murmushi, don shi ma yana da nasa shirin.

Ana yankan shinkafa bizar ta fito. Injiniya ya shigo da gudu yana ɗaga takarda, mata suka rangaɗa guɗa, ni kuwa na ruga ɗakin Inna. Na yi wa Inna kuka, na ce a tambayi tsohuwar mana, wataƙila kaza take so. Inna ta share mini hawaye da bakin zaninta ta ce, "A gidan nan ba a tambayar baƙo me za a yanka masa. Wannan ai rowa ce." Ban taɓa tunanin kai ƙara wurin Injiniya ba, domin na tabbata shi ma murna zai yi.

Ranar saukarta, Injiniya ya yi sammako zuwa Yola, ni kuma aka aike ni Nukkai wurin goggona da saƙon da ba shi da kai bare gindi. Ko da na dawo, tukwane suna tafasa a murhu, an shanya baƙar fata a bayan rumbu, turke babu kowa. Na je gaban turken na tsaya ina hawaye. Ina tsaye a wurin motar ta iso, aka fito da wata 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa cikin farin zane mai tsawo, ta haɗa tafukanta tana gaishe da kowa. Baba ya sha babbar riga yana ta yi mata maraba da Fulatanci, "Jabbama, jabbama," ya wuce gaba ya kai su inda aka ajiye kan Baleri a faifai, kamar yadda ake nuna wa babban baƙo abin da aka yanka dominsa. Ya ce wa Injiniya, "Faɗa mata, don ita ne."

Ban taɓa jin ƙara irin wadda tsohuwar nan ta yi ba. Ta dafe ƙirji ta sulale ƙasa, tana wata magana da harshensu tana bugun goshinta. Guɗa ta tsaya cak. Injiniya ya riƙe ta, Hausar ma ta gudu ta bar shi, da ƙyar ya haɗa cewa a wurinsu saniya uwa ce, ba a yanka ta, ba a yanka ɗanta, kuma mamarsa ko ƙwai ba ta taɓa sawa a baki ba. Yanzu ga shi an ce saboda ita aka yi. Baba ya ce, "To naman layyar da nake aika maka fa?" Injiniya ya sunkuyar da kai ya ce, "Maigadi na kamfani nake ba. Na ji kunya in mayar maka, Baba." Na ga mahaifina, mutumin da ban taɓa ganin ya zauna a ƙasa gaban mata ba, ya nemi gindin turmi ya zauna, ya cire hularsa ya riƙe.

Da ta ɗan dawo hayyacinta, tsohuwar ta dubi taron, idonta ya faɗa kaina, don duk gidan mu biyu ne kawai muke kuka. Ta tambayi ɗanta, ya gaya mata ni na raine shi. Ta jawo ƙafa da ciwon gwiwarta ta zo ta kama kaina ta manna a ƙirjinta, muka yi ta yi, ba mai jin yaren wani. Naman kuwa maƙwabta aka raba wa, ba wanda ya iya taɓa shi a gidanmu. Har bizarta ta ƙare ba ta sake tako tsakar gidanmu ba, amma kowace safiya takan kira ni ƙofarta ta taje mini kai da man kwakwa. Baba kuma sai da ya aiki Injiniya ya tambayo ta ko tana shan madarar shanu, sannan ya fara aika mata.

Yau an rushe sashen Injiniya an yi shaguna, kuma a ɗaya daga cikinsu wani saurayi yana cika wa mutane takardun biza a kwamfuta. Matafiyi yanzu yakan duba waya ya san abin da ake ci da abin da ake ƙyama a ƙasar da bai taɓa takawa ba. Mu a lokacinmu katanga ɗaya ce tsakaninmu, muna son juna, kowa yana jin nauyin kowa, kuma ina kewar wannan zama har gobe. Amma da Baba ko Injiniya ɗayansu ya daure ya buɗe baki, da Baleri ya tsufa a hannuna.