Yatsu Huɗu a Bakin Zarto

Mijina, Allah ya jiƙansa, masassaƙi ne a Ɗanzomo, kuma har ya koma ga Ubangiji bai taɓa riƙe abin awo ba. Dogon abu da taƙi yake auna shi, gajere da yatsu. Ƙyauren da ya sassaƙa mana yana nan har yau, a je a tambaya. Autanmu ya gaji hannun, ya gaji taurin kan, sai dai shi kafinta ya zama. Da muka dawo Gumel ya mai da zauren gidan shago, ya sayo tsohon injin tsaga katako daga Maigatari.

Injin tebur ne na ƙarfe, da zarto kamar faifai ya leƙo da haƙoransa ta tsakiya. A gefen zarton akwai wani dogon ƙarfe a kwance, ana matso da shi ko a ja shi baya, sannan a ɗaure. A jikinsa katako ke jingina yana tafiya, don haka inda ka aje shi, nan ne faɗin abin da za ka tsaga. Sauran kafintoci da tef ɗin awo suke saita shi. Auta kuwa sai ya kwantar da hannun damansa a kan teburin, manuni yana taɓa haƙoran zarto, ya matso da ƙarfen da hagu har ya taɓa ƙaramin yatsa. Yatsu huɗu, faɗin ƙafar benci ke nan. Ranar da na fara gani na ji daɗi, hannun ubansa na gani sak. Daga baya na tuna gizagon ubansa bai taɓa motsi shi kaɗai ba.

Makunnin injin maɓalli ne guda a bango. Ka danna ya kunnu, ka sake dannawa ya mutu, ido ba ya gane a wane hali yake. Ɗakina yana jikin zauren, na san shiru iri biyu. In Auta ne ya kashe, sai na ji ƙas ɗin maɓallin tukuna, sannan kukan injin ya lafa. In wuta aka ɗauke, babu ƙas, kuma injin niƙan makwabta shi ma yakan mutu tare da shi.

Wata azahar a bazara kukan ya lafa, na niƙa ma ya yi shiru. Na saurara, ban ji ƙas ba. Na ɗauki kwanon furarsa na leƙa zauren. Ga shi a sunkuye, ya kwance ƙarfen, hannunsa a shimfiɗe a tsakani.

"Auta, ka kashe abin nan?"

"Na kashe, Inna."

"Ban ji ba."

"Kunnen ne ya fara tsufa," in ji shi, yana dariya, bai ko ɗago ba.

"Kunnen da ya ji kukanka na fari? Danna shi in gani."

"In na danna yanzu ai kunna shi na yi. Ki bar ni in saita kafin su kawo wuta."

Na dubi maɓallin. Baƙi ne, kamar yadda yake kullum. Wayarsa ta shige cikin bango, babu abin da za a zare. Ko dai ni ce da gaskiya ko shi, kuma hannunsa yana can.

Ban ƙara musu ba. Na miƙa kwanon daga bakin ƙofa, ban matsa ba. A gidanmu ɗa ba ya karɓar abu daga hannun uwa a tsaye, ba ya kuma karɓa da hannu ɗaya. Ya yi ɗan tsaki a ciki, ya zo ya durƙusa ya tara hannu biyu.

Na zauna a dokin ƙofa na ce, "Na taɓa ba ka labarin turmin da ubanka ya kai kasuwar Sule Tankarkar?"

Na sha ba shi. Amma ba a tashi a bar tsohuwa tana magana. Na faro tun daga saran itacen. Na kawo jakin da ya ƙi tafiya, na ƙara masa gurguwar ƙafa da ba shi da ita. Na yi muryar dillali, na yi ta matar da ta raina turmin. Furar ta ƙare, idonsa yana ta komawa kan teburin. Bakina ya bushe, labarin ya kusa ƙarewa, ni kuwa ban san me zan ɗora ba. Na mai da ubansa hanya, na ce ya manta taɓarya.

Ana cikin neman taɓaryar nan injin niƙa ya yi tari. Zarton ya tashi shi kaɗai, babu kowa a kusa. Ƙarfen da ba a ɗaure ba ya yi ta rawa har ya taɓa haƙoran, wuta ta yi tartsatsi, aka yi jifa da shi jikin bango. Auta ya je ya danna maɓallin. Ƙas. Ya tsaya yana kallon hannunsa, gaba da baya.

Da yamma na sa shi ya yanko guntun katako daidai faɗin yatsunsa huɗu, ya huda shi, ya rataye a jikin injin. Da shi yake awo yanzu, in ina kallo. Maɓallin yana nan yadda yake, kullum gobe za a canja shi.

Jiya na ga guntun a ƙarƙashin tebur, garin katako ya rufe shi rabi. In shiru ya zo babu ƙas, sai in jawo sandata in nufi zauren, ina shirya labari a hanya. Tafiyar ce dai ta fara yi mini nisa.