Sarƙar da Na Ƙera wa Inna da Kwanson Harsashi

Shekarun baya, lokacin ina ƙirar azurfa a Gummi, yayana soja ya dawo daga yaƙin Saliyo. 'Yan unguwa ba su ma san inda Saliyo take ba, sai tsokanarsa suke yi wai ya je ƙasar waje shan iska, ina tsaraba? Shi kuwa ya daina magana. Ko Inna gaisuwa kawai ke haɗa su, abin yana cin ranta.

Wata rana ya ajiye min ƙullin kwanson harsasai a maƙera, ya zauna. Mu maƙera duk ƙarfen da ya shigo hannunmu wuta muke kai shi, don haka ban tambayi komai ba. Har na narkar da uku, ina ta cika baki zan yi wa Inna awarwaro.

"Kak ka yi awarwaro," ya ce. "Ƙauyen da nit tsinto su, mata da yawa ba su da hannun sa shi. An sare."

Na tsaya da awartaki a hannu, kunya ta rufe ni. Sauran na bar su yadda suke, na huda, na jera su a sarƙar wuya.

Inna ta sa ta zuwa biki a Bukkuyum. Kun san mata, ba a ganin sabon kayan ado a yi shiru. Suka yi ta taɓawa: "Wagga kuma mi ce?" Inna ta ce, "Ni ma ban san duka ba. Ku zo ku tambayi ɗana soja."

Suka zo kuwa, har da na Anka, kowace na son irin sarƙar. Da yake kwanson ya ƙare, na koma kwaikwayonsa da tagulla, amma ba na ba mace sarƙa sai ta ji labarin daga bakin yayana. Da farko kalma biyu yake yi. Daga baya ya riƙa ba da labari, tsofaffi na hawaye suna yi wa mutanen can addu'a.

Na yi wa amare kayan da suka fi wannan sarƙar kyau nesa ba kusa ba, amma da ita nake alfahari. Ranar da na ji muryar yayana a ɗakin Inna yana ta zuba hira, tana ce masa ya bari ta sa baki ita ma, ajiye guduma na yi na saurara.