Na Ga Bakin Bindiga, Ban Ga Aminina Ba

Assalamu alaikum, Edita da masu karatu. A shekarun da wayar hannu ta fara shigo mana ƙauye, ni magidanci ne da ya haura hamsin, ina zaune a wani gari tsakanin Kura da Bunkure. Da damina in yi shinkafa, da rani in yi tumatir da albasa a bakin ruwa. Amma da za ka tambayi mutanen garinmu a lokacin, ba wanda zai ce maka ni manomi ne, maharbi za su ce. Na gaji bindigar toka daga mahaifina, na gaji hannunsa, na kuma ƙara da abin da shi ba shi da shi, wato jin kai. Na daɗe ina juya wannan labari a raina kafin in sa a rubuta mini shi, domin ba ni kaɗai ya shafa ba. Ya shafi hannun daman wani bawan Allah da bai taɓa yi mini komai ba sai alheri.

A yankinmu akwai abin da maharba ke yi duk shekara idan an gama yankan shinkafa, muna kiransa gwajin hannu. Sarkin baka yakan tara mu a wani fili kusa da babbar magudanar ruwa, a kafa sanda, a kifa farin ƙoƙo a kanta, kowa ya ja baya ya gwada sa'arsa. Mai kafa ƙoƙon yakan ɓuya a bayan tudun magudanar. Ƙa'idar guda ɗaya ce, kuma ko yaron goye ya san ta: idan zai fito sai ya fara ɗaga jan ƙyalle a kan kara, duk wanda ya ga ja ya sauke bindiga. Ba wata kyauta ake bayarwa ba, suna ne kawai, amma sunan nan ya fi mini buhun shinkafa daɗi. Shekaru da yawa ba a kayar da ni ba, kuma ban iya cin nasara cikin mutunci ba. Duk wanda ya kuskure sai na bi shi da tsiya, in ce ya fara gwadawa da rumbu tukuna, wataƙila ya samu.

Mai kafa mini ƙoƙo shi ne aminina. Mutumin wajen Filato ne, Kirista, ya zo garinmu tun yana saurayi da akwatin sifanu, ya zauna yana gyaran injin ban ruwa har ya yi iyali. Duk injin da ya ƙi tashi a fadamarmu, in ya sa masa hannu sai ya yi tari ya tashi. Shi ma yana taɓa harbi, amma ya fi son ya tsaya ya ga nawa. Babban yaya yake kirana, ni kuma in kira shi injiniya don tsokana. Da Sallah a gidana yake cin tuwo, da Kirsimeti matarsa ta aiko mana da shinkafa, kaza kuwa ni ake kira in yanka don kowa ya ci. Yakan ce shi in ni ne riƙe da bindiga, zai iya ɗora ƙoƙon a kansa. Ina jin daɗin wannan magana, ban san nauyinta ba.

Sai yanar ido ta fara rufe mini idon dama, wanda da shi nake saiti. Da farko kamar hayaƙin murhu, daga baya har na kai in ga mutum a bakin gona ban san ko wane ne ba sai ya yi magana. Na hagun ma ya fara, amma da sauƙi. Na yi tozali, na yi tofi, na ɗiga abin da aka ce in ɗiga, shiru. Shekarar nan na ce ciwon baya ne ya hana ni gwajin hannu. Babbar 'yata ce ta gaji da ni, ta zo daga gidan mijinta ta tasa ni gaba zuwa wani asibitin ido a Kano.

Likitar da ta duba ni mace ce, ba ta girmi 'yata ba, kuma ta yi mini bayani dalla-dalla, ba zan ɗora mata laifin da ba nata ba. Ta ce za su cire ƙwayar da ta yi yana, su sa mini wani ɗan gilashi a gurbinta. Ta ce in sani, na Allah yana miƙewa yana tanƙwarewa, ya duba nesa ya duba kusa, amma wanda za su sa wuri ɗaya yake tsayawa. Ko a daidaita shi ga nesa, ko ga kusa, ko a tsakani, sauran kuma a cike da tabarau idan ido ya warke. Sannan ta tambaye ni wane aiki nake yi da idona, ta ce in faɗa mata komai, domin da shi za ta auna. A nan na yi wautar farko. Bindigata ba ta da takarda, kuma a birni nake, ina tsoron kalmar bindiga ta fita daga bakina ta koma wani wuri. Ban da haka, a raina ina cewa me yarinyar nan ta sani game da harbi. Sai na ce mata ni manomi ne, abin da nake so kawai in hango ƙarshen gonata. A tunanina maharbi nesa yake buƙata, magana ta ƙare. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa na ɓoye nawa a gaban mai wankan.

Aiki ya yi kyau, wannan gaskiya ce. Ranar da aka cire mini bandeji na yi hawaye. A hanyar komawa gida ina hango balbelu a tsakiyar shinkafa, ina ƙirga kwandunan tumatir a kan motar da ke can gabanmu, har 'yata ta ce in bar mutane su huta da surutu. An ce in dawo bayan 'yan makonni a auna mini tabarau. Na ce to, amma a raina na riga na sallame su. Mai ganin tsuntsu a ƙarshen fadama me zai yi da tabarau?

Da ido ya warke na ɗauko bindiga na share ta, na kai ta kafaɗa, na runtse na hagu kamar yadda na saba. Itacen da na nufa ina ganinsa tar, har ɓawonsa. Amma ɗan tsinin ƙarfen da ke bakin bindiga, wanda da shi ake saiti, ya zama wani dishi-dishi, ya rabu biyu, ya ƙi tsayawa. Shekara da shekaru ina harbi ban taɓa lura cewa idona tsinin nan yake riƙewa ba, ba abin harbin ba. Na gwada a bayan gari ni kaɗai, na kuskure kututturen da a da ko da magagin barci zan same shi. Ga shi duk gari an ji cewa idona ya dawo, maharba suna ta cewa bana za a ga aiki. Waɗanda na yi shekaru ina yi wa dariya suna jirana.

Abin da ya kamata in yi a fili yake, in koma asibiti in faɗi gaskiya. Maimakon haka sai na hau acaɓa na tafi kasuwar Kura, wurin wani mai baza tabarau a faranti. Na yi ta ɗauka ina sawa, ina miƙe hannu ina duban farcen babban yatsana, har na samu wanda ya nuna mini shi sarai. Na ɗaga kai na dubi kasuwa, sai na ga mutane sun narke, ba fuska, sai launin riguna. Mai tabarau ma ya ce mini na karatu ne, kada in yi tafiya da shi. Na ce masa na sani. Lissafina shi ne, ƙoƙo fari ne kuma ba ya motsi, in dai ina ganin tsinin bindiga, farin da ke can ya ishe ni. Na sa shi a aljihu, ban nuna wa ko matata ba, don ina jin kunyar a ce maharbi ya koma sa gilashi kamar malamin makaranta.

Ana saura kwana kaɗan gwajin hannu na roƙi aminina ya raka ni filin da safe in motsa hannu, mu biyu kawai. Ya bar wani inji a kwance ya biyo ni. A hanya yana ta gwada ni, ya nuna abu a nesa in faɗa masa mene ne, yana dariya yana cewa babban yaya ya koma saurayi. Ya kafa ƙoƙo, ya ɗauki karansa mai jan ƙyalle, ya haye tudu ya ɓuya. Sai da na tabbata ba ya ganina na zaro tabarau na sa. Harbin farko na ji ƙoƙo ya fashe. Wani daɗi ya cika ni, na cire tabarau, ya fito ya kafa wani yana yi mini kirari, ya koma. Na ɗura albarushi, na mayar da tabarau, na kai bindiga kafaɗa. Abin da ban gani ba shi ne iska ta karkatar da sandar. Ya ɗaga jan ƙyalle kamar yadda aka saba, ya jira, ya fito, ya miƙa hannu zai gyara. Ni kuwa tsinin ƙarfe nake kallo, ga shi nan tsaf, a bayansa wani fari-fari. Na ja kunama.

Ƙarar da ya yi har yau tana kunnena. Na fizge tabarau, sai ga komai ya dawo sarai: ga jan ƙyalle a ƙasa, ga shi a durƙushe ya riƙe hannun dama, jini yana bin gwiwar hannunsa. Masu ban ruwa a gonar kusa suka taya ni muka ɗora shi a babur. A asibiti an ciro ƙwayoyin dalma da yawa, an ceci hannun, amma jijiya ta lalace. Yatsunsa uku sun ƙanƙance, ba sa riƙe sifana, ba sa riƙe ko cokali.

Da zan iya yin shiru a ce tsautsayi ne, kuma mutane sun riga sun fara faɗin haka. Amma da na je duba shi, ya tambaye ni a hankali ko ban ga ƙyallen ba ne, domin shi ya san ya ɗaga. Yana tambaya ne kamar mai neman laifin a wurinsa. Wannan ne ya karya ni. Na zaro tabarau na ajiye a kan gadonsa na faɗa masa komai, tun daga abin da na ɓoye wa likita. Matarsa ta tashi ta fita, kuma ta yi shekara ba ta amsa gaisuwata ba, ban ga laifinta ba. Shi kuwa ya daɗe yana juya tabaran da hannun hagu. Daga baya ya ce ba harbin ne ya fi yi masa ciwo ba. Ya ce da na gaya masa, da ya tsaya a bayana ya zama idona, wani ya kafa ƙoƙon, kuma da ba wanda zai ji daga bakinsa.

Sarkin baka da mai gari suka zauna a kan maganar. Na miƙa bindigar da hannuna, ban jira an nema ba. Na ɗauki jinya, na ba shi wani yanki na gonata ta bakin ruwa, amma kada wani ya ɗauka na biya. Mutumin da injuna ke jin maganarsa ya koma tsayawa a kan wasu yana nuna musu da baki abin da za su kwance.

Bayan ya warware, shi ne ya matsa sai na koma asibitin ido, kuma shi ya raka ni. Ya yanko kara daidai tsawon bindigata, ya soka ƙusa a ƙarshensa, ya ce in nuna wa likita. Na faɗa mata gaskiya kaina a ƙasa. Ba ta yi faɗa ba. Ta sa na riƙe karan a kafaɗa, ta yi ta canza gilasai a gaban idona har muka samu wanda ke nuna ƙusar sarai, kuma in na dubi ƙarshen baranda ina gane mutum, ina gane launin abin da ke hannunsa. Ta ce da na faɗa tun farko, da ta yi la'akari da shi tun wajen zaɓen gilashin da aka sa mini a ido, ko kuma a yi mini wannan tabarau tun dawowar da na ƙi yi. Aikin bai kai tsawon zaman shan shayi ba. Na karɓi tabaran don aminina ya ce in karɓa, amma ban sake harbi ba.

Abin da na koya shi ne, ba yanar ido ce ta makantar da ni ba, ita an cire ta. Tsoron dariyar mutane ne, ni da na fi kowa yi wa mutane dariya. Don haka ina kira ga duk wanda za a yi wa aikin ido, musamman maharba da 'yan sintiri da duk mai riƙe abin da zai iya raunata wani: idan likita ya tambaye ka me kake yi da idonka, faɗa masa duka, har abin da kake jin nauyin faɗa. Ka tambayi inda za ka gani da inda ba za ka gani ba. In an ce ka dawo a auna tabarau, ka koma. Kada ka auna wa kanka a farantin kasuwa. In kuma ganinka ya ragu, ka gaya wa wanda ke tsaye a gabanka, domin shi ya dogara da idon da yake zaton kana da shi.

Har yanzu muna tare da aminina, kuma har yanzu babban yaya yake kirana. An yi mini aikin ido na hagu daga baya, ganina ya yi kyau ƙwarai, alhamdu lillahi. In ya taho daga ƙarshen fadama ina gane shi tun daga nesa, kafin kowa. Yakan ɗago mini hannu ya gaishe ni, na hagu.