Ruwa Ya Yi Gyara

Jama'a, yau na je jaje, na dawo da kifi!

Kun san Baba Madu, manomin tattasai a Shetimari? Kogi ya cinye gonarsa kaf. Na tarar da shi tsakiyarta, ruwa iya gwiwa, yana kamun tarwaɗa yana dariya!

Na ce, "Baba, ya ruwa?"

Ya ce, "Ruwa ya yi gyara."

Na ce, "Haba Baba, wane gyara kuma?"

Ya nuna tsallake da haɓa. "Ƴata, tunda kogi ya cika, masu bindigar nan ba su ƙetaro ba. Tattasai na rasa, ban rasa ɗa ba. Alhamdu lillahi! Ungo, kai wa yara."

To ku faɗa mini, wa ya yi wa wani jaje?